Amsar tambayar Alhaji kan injinan iska

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Alhaji, ranka ya daɗe, na saurari muryarka. Ka ce ga iska nan a Gombe har tana yaye kwanon gidaje, me ya hana a kafa mana injinan iska irin na Turai mu huta da ɗauke wuta?

To, iskar da ke yaye kwano ba ita ake nema ba. Wannan guguwar farkon damina ce, kafin ka gama kwashe shanya ta wuce. Shi injin ma, in gudun iska ya kai mita 25 a daƙiƙa, da kansa yake karkata fukafukansa ya taka birki don kada ya karye. Yana fara juyawa a mita 3 zuwa 4, amma cikakken ƙarfinsa sai wajen mita 12 zuwa 14. Iska mai ɗorewa ake so, dare da rana.

Ga inda lissafin yake, a saurara da kyau. In gudun iska ya ninka biyu, ƙarfinta ninki takwas yake yi. Wato wurin da iskarsa ke gudun mita 7 a daƙiƙa ya kusa ninka mai mita 5 sau uku, alhali in ka tsaya a wuraren biyu da kyar fatarka za ta bambance.

Shi ya sa megawat ɗin da ake rubutawa a takarda, wato iyakar ƙarfin wutar da inji zai iya bayarwa, kada ya ruɗe ku. A tambaya: kashi nawa na wannan ƙarfin yake bayarwa a shekara? A kan tudu a Jamus kashi 20 zuwa 25 ne cikin 100. A Tekun Arewa, wajen Birtaniya da Denmark, 40 zuwa 50, don babu gini babu bishiya da zai tare iska. Kusa da Tafkin Turkana a Kenya, injina 365, megawat 310, sau da yawa suna haura 50, saboda iskar tana matsewa tsakanin duwatsu ta fito kamar ta bakin zugazugi. Duk injin iska ne fa, wurin ne ya bambanta.

Mu ɗauki na Lambar Rimi a Katsina: injina 37, kowanne kilowat 275, jimla megawat 10. Shekara awa 8,760 ce. A ce misali sun yi kashi 25, ka ga wutar da za su bayar a shekara megawat-awa 21,900 ke nan. In suka faɗo kashi 15, sai 13,000 da 'yan kai, kuma kuɗin gyara bai ragu ba.

Mu nan iskarmu ta fi kyau da hunturu, amma ƙura take kawowa, ta manne a fukafukai ta rage musu santsi, ta toshe matatun sanyaya inji. Zafin bazara kuma yana sa iska ta yi sakayau, ba nauyi. Haka tsaunin Jos: akwai iska, amma saboda tsayin wurin ta fi ta bakin teku rashin nauyi da kusan kashi 10. Ga tsawa da damina. Sannan in aka cusa injinan kusa da juna, na gaba ya cinye iskar na baya, don haka ake barin tazarar faɗin fankar sau 5 zuwa 10. In babban layin wuta ya faɗi kuwa, injin tsayawa yake, iskar ta wuce a banza.

Saboda haka Alhaji, kafin a sayi ko kusa ɗaya, a kafa dogon ƙarfe mai mita 80 zuwa 100 a tudun da ake zato, a ɗaura na'urar auna iska, a bar ta aƙalla wata 12, ta ga hunturu, bazara da damina. Awon filin jirgi ba zai wadatar ba, a mita 10 kawai suke aunawa. In matsakaicin gudun iskar ya gaza mita 6 a daƙiƙa a can sama, ni dai sola zan ce a sa kuɗin. Wassalam.