Amsa ga tambayarka kan rahoton kashe kuɗi da ya ƙi daidaita

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa rahoton kashe kuɗi na watan jiya, wanda ka fitar wa mutumin da ya damƙa mana lissafinsa, ya nuna jimillar da ta zarce abin da ya kashe nesa ba kusa ba, har ka soma zargin manhajar. Na zauna na bi aikin layi bayan layi, kuma ban sami laifin manhajar a ko'ina ba, domin abin da ka ba ta shi ta tara, yadda ka ba ta shi.

A wannan sana'a tamu, tun ran gini tun ran zane. Fitar da rahoto aikin daƙiƙa kaɗan ne: ka zaɓi ranar farko da ranar ƙarshe, ka zaɓi asusun da kake so, ka danna. Ainihin aikin kuwa ana yin sa ne a lokacin da ake shigar da kowane ciniki ana sa shi cikin rukuninsa, kuma a nan ne ƙafarka ta zame.

Babban kuskurenka yana wurin katin bashi. Duk sayayyar da mutumin ya yi da katin ka shigar da ita a matsayin kashewa, wannan daidai ne. Amma da ƙarshen wata ya zo ya biya bashin katin daga asusunsa na banki, sai ka sake rubuta biyan a matsayin kashewa, don haka kuɗi ɗaya ya shiga rahoto sau biyu. Biyan bashin kati ba sabuwar kashewa ba ce, kuɗi ne ya tashi daga wani asusu nasa ya sauka a wani, kamar wanda ya ciro daga aljihun dama ya mayar aljihun hagu. Haka abin yake idan ya tura kuɗi asusun ajiya, ko ya ciro tsaba daga na'urar banki, domin tsabar ba ta zama kashewa ba sai ranar da ta bar hannunsa. Manhajar lissafi ta Quicken tana da hanyar rubuta irin wannan a matsayin turawa tsakanin asusu biyu, manhajar GnuCash kuma an gina ta ne kacokan kan lissafi mai shiga biyu, wato tsarin da Luca Pacioli ya bayyana a littafinsa na 1494, inda kowane kuɗi sai an faɗi inda ya fito da inda ya tafi. Shi ya sa nake son mai koyo ya fara da GnuCash, ko da za ta gajiyar da shi a makonnin farko.

Na kuma ga ka ɗauko bayanan banki sau biyu a fayil ɗin CSV (fayil mai jera ciniki layi-layi kamar jadawali), kwanakin na biyu sun hau kan na farko, sai ciniki da yawa suka maimaitu. Idan banki yana bayar da OFX, wato nau'in fayil da aka tsara musamman don bayanan kuɗi, ka fifita shi, saboda a cikinsa kowane ciniki yana ɗauke da lambar shaida tasa wadda manhaja ke gane maimaici da ita, abin da CSV galibi ba shi da shi.

Game da rukunai, kada ka yawaita su har su gagare ka tunawa, kuma kada ka mai da rukunin “sauran abubuwa” juji. Rasit ɗaya mai ɗauke da kayan gida da kayan aiki sai a raba shi gida biyu a cikin shigarwa ɗaya. Kuɗin da aka dawo da shi bayan mayar da kaya kuma ba samu ba ne, ana rage shi ne daga rukunin da aka sa sayayyar tun farko. Abin da mutumin ya kashe wa wurin aikinsa daga aljihunsa, wanda yake jiran a biya shi, ka sa masa alama ta daban tare da hoton rasit, domin ranar da za a nemi rahoton neman biya ka tace da alamar kawai.

Yanzu ka koma kan aikin. Kafin ka sake taɓa rahoto, ka ɗauki takardar bayanin asusu ta banki da ta katin, ka gwada kowane layi da abin da ke cikin manhajar har ragowar ƙarshen wata ta zo ɗaya a ɓangarorin biyu. Ka lura da sayayyar da aka yi a ranakun ƙarshe na wata wadda banki bai rubuta ba sai a sabon wata. Mu ranar rasit muke bi. Idan ka gama, ka kawo mini rahoton tare da takardun biyu mu duba tare kafin ya je hannun mai shi.