Shin ƙarfe mai naitirojin zai iya maye gurbin zuciyar taransfoma?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko haɗin ƙarfe da naitirojin zai yi aiki a zuciyar taransfoma, wato ƙarfen da ake naɗa waya a kansa. Zai yi, amma ka bambance iri biyu. Fe16N2, wanda masanin kimiyya K. H. Jack ya bayyana a 1951, yana riƙe maganaɗisu, don haka maganaɗisu na dindindin ake nema da shi. Wanda kake nufi shi ne Fe4N: yana ɗaukar maganaɗisu ya sake shi da sauƙi, ƙarfin maganaɗisunsa kuma ya ninka na ferait (wani haɗin ƙarfe da iskar oksijin da ake yin zuciyar ƙananan taransfoma da shi) sau da yawa.

Ana samun Fe4N ta hanyar ratsa garin ƙarfe da iskar amoniya. Wahalar tana wajen dunƙule garin, domin zafi in ya yi yawa naitirojin ɗin gudu yake yi. Shi ya sa masu bincike a cibiyar bincike ta Sandia da ke Amurka suke matse shi da wutar lantarki cikin gaggawa. A ganina, ƙananan na'urori masu saurin juyin wuta ne za su fara cin moriyarsa.