Hukuncin shiga ƙungiyar masu ɗaukar hoto da gasar hotuna

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗaukar hoto ce sana'ata. Ina so in yi rajista da ƙungiyar ƙwararrun masu hoto, in riƙa aika hotunan da na wanke zuwa gasarsu. Ana biyan kuɗin shiga kan kowane hoto, wanda ya yi fice a ba shi kyauta. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sa wa sana'arka albarka, ɗan'uwa.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa masu yin sura suna cikin mafi tsananin azaba ranar ƙiyama. Malamai sun saɓa kan ko hoton kyamara ya shiga wannan narko. Ibn Baz da Albani sun hana shi sai da larura. Muhammad Bakhit al-Muti'i, muftin Masar da ya rasu a 1935, ya ce tsare inuwar halittar Allah ne kawai, babu kwaikwayon halitta a ciki. Malikiyya ma abin da suka haramta shi ne cikakkiyar surar mai rai wadda take da inuwa, irin gunki. Ra'ayin halasci na rinjayar, muddin babu tsiraici ko abin bauta a hoton, kuma an ɗauki mutum da yardarsa.

Ƙungiyar kuwa babu laifi a shiga. Taimakon juna ne a kan sana'ar halal, kuɗin rajista kuma ladan horo da hidimar da suke yi maka ne.

Inda nake so ka buɗe ido shi ne kuɗin shiga gasar. Ka tambaye su kai tsaye: daga ina kyautar take fitowa? Idan abin da 'yan gasa suka zuba ne ake tarawa a miƙa wa mutum ɗaya, to kowa ya shiga ne yana tsakanin ci da asara, wannan kuwa ita ce cacar da Allah ya haramta a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida. Kasancewar alƙalai ne suke zaɓe bisa ƙwarewa bai canza hukuncin ba, domin matsalar tana tushen kuɗin. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Doha a 2003, ta sharɗanta kada kyautar ta fito daga aljihun dukkan masu fafatawa.

Amma idan kuɗinka na ɗawainiyar alƙalai ne da baje kolin hotuna, daidai da hidimar, kyautar kuma wani kamfani ne ya ɗauki nauyinta, ko kuwa lambar yabo ce da takardar shaida, ka shiga. Akwai ma gasar da ba a biyan ko sisi, kamar World Press Photo da aka kafa a Amsterdam a 1955.

Sai gyaran hoto a kwamfuta, abin da mutane suke sakaci da shi ƙwarai. Dokar gasa alkawari ce da ka ɗauka. In sun yarda da gyaran haske da launi kaɗai, kai kuma ka goge wani abu ko ka ƙara, ka ɓoye musu, ka yi algus, kuma Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Haka aika hoton da yaron shagonka ya ɗauka da sunanka. Kyautar da aka ci ta wannan hanya ba ta halatta ba, wajibi ne a mayar wa masu ita.

Wallahu a'alam.