Wai aikin sa kai a Majalisar Ɗinkin Duniya, bindiga ake ba mutum ko me?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai aikin lantarki ne, shekara 8 ina gyaran janareto da haɗa sola, ina da difloma. Wani abokina ya ce Majalisar Ɗinkin Duniya tana ɗaukar 'yan sa kai zuwa Sudan ta Kudu da Kongo, wai akwai wanda zai yi min hanya in na tura naira dubu 150. To ni abin da ya ɗaure min kai, me mai gyaran janareto zai yi a inda ake yaƙi? Kuma ana biya ne ko fisabilillahi ake yi?

Amsa: Wa alaikumussalam ɗan'uwa. Kafin komai, kar ka tura ko sisi. Ba a biyan kuɗin fom, ba a biyan kuɗin intabiyu, babu wani dillali a tsakani, rajista a shafinsu na intanet kyauta ce kuma kai za ka cika da hannunka. Wannan mai "hanyar" ɗan damfara ne, ka gaya wa abokin naka.

Na san inda ruɗanin ya fito. Mu nan in an ce 'yan sa kai, abin da ke zuwa wa mutum a rai shi ne masu bindigar toka da layu a dazukan Zamfara da Katsina. Can ba haka ba ne. Sojoji da 'yan sanda masu shuɗiyar hula gwamnatocinsu ne ke tura su, kamar yadda Najeriya ta tura nata Kongo tun 1960. Shi ɗan sa kai farar hula ne, ko wuƙar yankan albasa ba a ba shi da sunan makami. Shirin nasu ana ce masa UNV, Babban Taron Majalisar ya kafa shi a 1970, hukumar raya ƙasashe ta Majalisar, wato UNDP, ke kula da shi, hedikwatarsa tana Bon a Jamus.

To me za ka yi a can? Ka ɗauki sansanin UNMISS, wato tawagar kiyaye zaman lafiya ta Majalisar, a wani gari kamar Malakal ko Bor a Sudan ta Kudu. Babu wutar gwamnati da za a dogara da ita, in damina ta sauka hanyoyi sun zama taɓo sai dai jirgi mai saukar ungulu ko jirgin ruwa ta kogin Nilu. Ofisoshi da ɗakunan kwana kwantena ne. Janareto ya mutu da tsakar rana, to ba fanka kaɗai ta tsaya ba, firij ɗin asibiti mai allurai da jini ya tsaya, injin tace ruwan sha ya tsaya, rediyon da ake magana da sojojin sintiri ya koma kan batir, kuma kayan gyaran da ka nema suna Juba sai jirgin mako mai zuwa. A wannan lokacin duk manyan masu taye da ke sansanin kai suke jira. Shi ya sa za ka ga cikin 'yan sa kan akwai makanikai, nas-nas, likitoci, masu lura da tashi da saukar jirage, masu kwamfuta, akantoci, da lauyoyin da ke shiga ƙauyuka suna rubuta bayanan cin zarafi.

Wani lokacin ma su ne gaba-gaba. A zaɓen Kambodiya na 1993, 'yan sa kai sama da 400 ne aka watsa gundumomi suna kula da rajistar masu zaɓe da horar da ma'aikatan rumfuna, bayan shekaru ana zubar da jini a ƙasar. A nan aka harbe ɗaya daga cikinsu, wani matashi ɗan Japan, Atsuhito Nakata, a watan Afrilu, makonni kaɗan kafin zaɓen. Na kawo wannan ne don kar a yi maka romon baka, aikin yana da haɗari, kuma irin waɗannan wuraren ba a zuwa da iyali.

Maganar kuɗi kuwa, ba albashi ba ne, alawus ne na wata-wata don ci da sha da haya, sai tikitin zuwa da dawowa da inshorar lafiya. Babu fansho, kuma bai kai abin da cikakken ma'aikacin Majalisar yake ɗauka ba ko da tebur ɗaya kuke zaune kuna aiki iri ɗaya, wannan kam yana ci wa da yawansu tuwo a ƙwarya, ni ma a ganina akwai abin dubawa a ciki. Amma mai lissafi yana iya yin ɗan tari ya aiko gida. Kwangila ce ta watanni ana sabuntawa, kuma gama ta ba ya nufin an ɗauke ka aiki na dindindin.

Abin da ke kayar da mutanenmu ba rashin iya aiki ba ne, rashin takarda ne. Shekara 8 ɗin nan taka, wa zai shaida? Ka nemi wasiƙa daga wuraren da ka yi aiki, ka rubuta irin injinan da ka taɓa da girmansu, ba "ina gyaran janareto" kawai ba. Ka karanta sharuɗɗan kowane gurbi, wasu digiri suke nema, wasu takardar sana'a da gogewa sun isa. Sai yare. Kongo da Afirka ta Tsakiya Faransanci ake so, a nan 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun sha gabanmu, Sudan ta Kudu kuma Turanci ne, in kana jin Larabci ƙari ne.

Kuma ba dole sai ka ƙetare ba, akwai guraben 'yan ƙasa, mutum ya yi a Maiduguri ko Abuja tare da hukumomin Majalisar, ya tara gogewa. Najeriya ma tana da nata shirin tun 1987 zamanin Babangida, wato TAC, mai tura malamai da likitoci da injiniyoyi ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik na shekara 2. Shi ma in sun buɗe ɗauka sanarwa suke yi a fili, sai ka riƙa leƙawa.