Malam, ya halatta in ba 'yata maganin ciwon damuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min. Yarinyata ce shekararta 14, kusan wata biyar kenan ta canza gaba ɗaya, yarinyar da a da surutunta ke cika gida yanzu sai a ajiye mata tuwo ya huce a gabanta bata taɓa ba, da dare idonta biyu har kiran assalatu, Islamiyya ma sai an yi da gaske take zuwa. An yi ruƙiyya sau uku ba abin da ya yi magana. Na kaita asibiti, likita ta yi ta zama da ita suna hira wajen wata biyu, yanzu tace ciwon damuwa ne mai tsanani ta rubuta mata fluoxetine. Babanta yace shi ba za a ɗora masa 'ya akan ƙwaya ba, raunin imani ne kawai. Malam in ba ta ko kar in ba ta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ba ta lafiya, ke kuma Ya saka miki da kika lura da wuri.

Ya halatta ki ba ta, tunda likitar da ta san aikin ce ta duba ta ta rubuta, kai in ana jin tsoron ta cutar da kanta ma toh maganar ta wuce halacci ta zama dole akan iyaye. Hadisin Usama bin Sharik da Abu Dawuda da Tirmizi suka fitar, Annabi (SAW) yace ku nemi magani bayin Allah, Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta, banda tsufa. Bai ware ciwon damuwa ba.

Tsoron maigidanki ban raina shi ba, duk wanda ya ga yadda kodin da tiramol suka cinye mana matasa har gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018 dole gabansa ya faɗi in ya ji ance 'yarsa za ta rinƙa shan ƙwaya kullum. Amma abin da shari'a ta rataya haramci akansa shine maye, duk abin da ke bugarwa haramun ne, shi kuwa wannan baya bugarwa baya gusar da hankali, sai an yi sati biyu zuwa shida ana sha kafin a fara ganin amfaninsa. Kinga ba hukuncinsu ɗaya ba.

Maganar raunin imani ita ce ta fi damuna wallahi, don na ga yadda take ƙara danne yara, yarinya tana fama da ciwo kuma a ce mata laifinta ne, sai ta daina faɗa wa kowa. Annabi Yaƙub ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, yana nan cikin Suratu Yusuf aya ta 84, wa zai ce imaninsa ne ya yi rauni? Sannan ki duba hadisin Nana A'isha a Bukhari da Muslim, in an yi mata rasuwa takan sa a dama talbina, wato kunun sha'ir, tace ta ji Manzon Allah (SAW) yana cewa tana hutar da zuciyar mara lafiya tana tafiyar da wani sashe na baƙin ciki. Abin da ake sha ya shiga ciki kenan yana iya taɓa baƙin ciki, ba tawakkali ya rushe ba. Abu Zaid al-Balkhi ma da ya rasu a 934 miladiyya ya raba baƙin ciki gida biyu, mai dalilin da aka sani kamar rashi, da wanda ke zuwa haka kawai daga jiki, yace na biyun jikin ake yi wa magani.

Amma fa ba farasitamol bane, ba kowane yaro da ya yi shiru ake ba wa ba. Hukumar lafiya ta duniya tace kar a ba ɗan ƙasa da shekara 12, matashi kuma a fara da zama da hira da gyara abin da ke damunsa a gida ko makaranta, sai in hakan bai wadatar ba a je ga fluoxetine, kuma haka likitarku ta bi. Kar a bar zaman don an fara magani, a wani bincike da aka fitar a Amurka a 2004 kan matasa 439, waɗanda aka haɗa musu biyun kashi 71 cikin ɗari suka samu sauƙi, masu maganin kaɗai kashi 61.

Ga inda nake so ki buɗe kunne. A 2004 ɗin dai hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi cewa a watannin farko na shan irin wannan magani wasu yaran tunanin kashe kai yana ƙaruwa musu, wajen 4 cikin 100 in aka gwada da 2 cikin 100 na waɗanda basu sha ba. Don haka maganin a hannunki zai zauna, ke za ki ba ta ki ga ta haɗiye, fiya-fiya da maganin ɓera da sauran magungunan gida a kulle su, ki rinƙa kwana kusa da ita, ki tambaye ta kai tsaye cikin taushi ko tana jin gara ta mutu, tambayar bata sa wa yaro tunanin. In kin ga ta kasa zama wuri ɗaya, ko faɗa ya ƙaru, ko ta fara irin wannan maganar, ranar za ku koma asibiti, a nan ba a jiran izinin kowa don rai ne. In ta ji sauƙi kuma kar ku yanke da kanku, yawanci ana ci gaba aƙalla wata shida sannan likita ta rage a hankali. Wanda ya je kemis ya siyo wa ɗansa don ya ji an ba ɗan maƙwabta, shi da mai kemis ɗin su ji tsoron hadisin da yace wanda ya yi likitanci ba a san shi da ilimin ba shi ke da alhakin ɓarnar.

Kar ki ba ta a ɓoye, ki lallaɓi babanta ya bi ku ganin likita na gaba ya yi tambayoyinsa da bakinsa, ko ki sa wani babba da yake jin nauyinsa ya masa magana. Addu'a da azkar da tofi a ci gaba, basa karo da magani, duka dai da turare mai shaƙe yaro da sunan fitar da aljani ne ban yarda ba. In azumi ya zo sau ɗaya ake sha a rana, ki tambayi likita a mayar da shi lokacin sahur.

Wallahu a'alam.