Amsar Gwaggo a Kan Ziyarar Hubbaren Shehu

'Yata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Saƙonki ya iso ni ranar Talata da yamma, amma na jinkirta amsa don na ga tambayar ba ta amsar tsaye ba ce. Kin ce za ki Sakkwato bikin ƙawarki a ƙarshen wata, kuma kina son ki ziyarci Hubbaren Shehu, sai dai abokan aikinki sun raba miki hankali: ɗaya ta ce zuwa wurin bidi'a ne, ɗaya kuma ta roƙe ki kada ki dawo ba ki ɗebo mata ƙasar kabarin ba. Kina son ki san yadda aka saba a gidanmu, da abin da ake riƙewa idan za a je.

Idan maigidanki ya amince, ki je. A gidanmu ba a taɓa ɗaukar wannan ziyara abin zargi ba, haka kuma ba a taɓa mayar da ita wurin neman biyan buƙata ba. Kakanku, Allah ya ji ƙansa, yakan ce wanda ya shiga Sakkwato ya fita bai yi wa Shehu addu'a ba kamar wanda ya kwana a gida ne bai gai da maigidan ba. Malamai sun kawo hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce da ya hana ziyarar kaburbura, amma yanzu a ziyarce su, kuma dalilin shi ne tuna lahira. Gaskiya ne an yi saɓani game da mata, wasu malaman sun hana, wasu sun halatta matuƙar babu kururuwa da kukan mutuwa da cuɗanya da maza. Mu a kan fahimta ta biyu muka tashi, kuma ba na son ki yi jayayya da abokiyar aikinki da ta riƙi ta farko, domin ita ma tana da malaman da take bi.

Abin da nake so ki riƙe kafin ki taka ƙofar wurin shi ne gidan mutum za ki shiga. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo bai daɗe a Sakkwato ba. An haife shi a Maratta a 1754, ya yi yawancin karatunsa da karantarwarsa a Degel, ya yi hijira zuwa Gudu a 1804 lokacin da zama ya gagara tsakaninsa da Sarkin Gobir Yunfa. Ɗansa Muhammadu Bello ne ya kafa birnin Sakkwato a 1809, bayan faɗuwar Alƙalawa, shi kuwa Shehu ya zauna Sifawa yana karantarwa, sai a 1815 ya komo Sakkwato, ya rasu a 1817, aka binne shi a gidan da yake zaune. Gidan nan shi ne Hubbare. Shekara talatin na yi ina faɗa wa yara waɗannan shekaru a aji, amma sai ranar da na tsaya a wurin na gane cewa mutumin da sunansa ya cika ƙasa a ɗan wannan fili ya ƙare kwanansa. An binne wasu daga cikin iyalinsa da Sarakunan Musulmi a can, har da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku wanda ya yi shekara 50 a kan gado, da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido wanda ya rasu a haɗarin jirgin sama a 2006. Kada ki nemi kabarin Bello a can, shi a Wurno yake, inda ya rasu a 1837, Malam Abdullahi ƙanen Shehu kuma yana Gwandu.

Tunda gida ne, ladabin shiga gida ake yi masa. Ki yi alwala tun daga masauki, ki sa mayafi wadatacce, ba irin na wurin biki ba, ki cire takalmi inda kika ga ana cirewa, ki sassauta murya, ki kashe ƙarar waya. Akwai masu kula da wurin, inda suka ce mata su tsaya nan za ki tsaya, kuma kada ki ɗaga waya ki ɗauki hoto sai kin tambaye su. Ni dai a ra'ayina ko sun yarda, hoton da mutum zai juya wa kabari baya yana murmushi bai dace ba. Sai ki yi sallamar da aka koyar ga ma'abota kaburbura, wadda ta fara da "Assalamu alaikum ahlad diyari minal mu'minina wal muslimina", ki roƙa musu gafara da rahama, ki roƙa wa iyayenmu da suka riga mu. Idan kina da wata buƙata ta kanki, Allah za ki roƙa, shi da yake jin ki a Kaduna kamar yadda yake jin ki a Sakkwato.

Maganar ƙasa kuwa, kada ki ɗebo. Ki faɗa wa mai saƙon da taushin murya cewa gwaggonki ce ta hana, ki ɗora laifin a kaina. Shehu ya ƙarar da rayuwarsa yana wa'azi a kan masu neman tsari wurin duwatsu da itatuwa da masu gauraya addini da camfi, saboda haka ba girmama shi ba ne a ƙulle ƙasar makwancinsa a bakin zane a kai gida a jiƙa. Idan rashin lafiya ke damun baiwar Allah nan, ko rashin haihuwa, ki sa ta cikin addu'arki da sunanta, ki kuma ƙarfafa mata gwiwa ta je asibiti.

Akwai wani dalili da ya sa nake son ke musamman ki je, wato Nana Asma'u. Tana kwance a wurin, kusa da mahaifinta. An haife ta a 1793, ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma ita ta tsara 'Yan Taru, matan da suke tasowa daga ƙauyuka ƙarƙashin jagorancin jajinsu su zo ɗaukar karatu su koma su koyar da 'yan uwansu. Jaji kan sa malfa, alamar an ba ta amanar jan ayari. Lokacin da muka je da Malam a 1987, na ga wata tsohuwa zaune a inuwar bango, ƙafafunta sun yi furu-furu da ƙura, ta kwance wani ɗan ƙunshi na gero da goro biyu ta miƙa wa wata makauniya da ke gefenta, sannan ta ɗaga hannu ta daɗe tana addu'a, leɓɓanta kawai ke motsi. Da ta shafa na gaishe ta, ta ce mini kakarta ce ta fara kawo ta tun tana yarinya, kuma ba ta taɓa zuwa hannu rabbana ba. Ban tambaye ta ko zuriyar 'Yan Taru ba ce, amma har yau idan aka ambaci Hubbare fuskarta nake fara gani. Ke da kika yi karatu har jami'a, ya kamata ki tsaya ki yi wa matar da ta share wa irinku hanya addu'a.

Wannan ya kawo mu ga abin riƙewa. Ki tanadi canji tun kafin ki isa, domin za ki tarar da mabuƙata a ƙofa, kuma ba kyau mutum ya tsaya yana laluben jaka ana kewaye da shi. Sadaka ce, gwargwadon ƙarfinki, ki bayar ba tare da an ga nawa ba ne. Ki je da sassafe, kafin ranar Sakkwato ta buɗe, don ƙasa na zafi ga wanda ya cire takalmi.

Sai dai kafin Hubbare akwai wadda ta fi haƙƙi a kanki, wato yayar mahaifiyarki da ke Mabera. Zumunta a ƙafa take, kuma idan ta ji a bakin wasu cewa kin shigo gari kin ziyarci kaburbura kin wuce ba ki leƙa ta ba, abin zai daɗe a ranta. Ki kai mata turmin atamfa da sabulu, ki zauna ki ci abin da ta ba ki ko kin ƙoshi. Wataƙila ma ta haɗa ki da wanda zai raka ki, wanda ya fi ki tafi ke kaɗai.

Mu nan Zariya lafiya lau. Ruwa ya yi kyau bana, mun fara cin sabuwar masara. Ƙanwarki ta kusa sauka, saura izu huɗu, Malam kuma gwiwarsa ta ɗan yi sauƙi har yana zuwa masallaci da sanda. Da na ce masa za ki Sakkwato ya yi shiru, sannan ya ce ba ya jin zai sake ganin garin, don haka ki sa shi cikin addu'a idan kin tsaya a wurin. Ya ce in gaya miki ku kama hanya da safe, kada dare ya same ku tsakanin Funtuwa da Gusau. Idan kuɗin guzuri ya rage, ki sayo masa buzu a kasuwa, nasa ya tsufa gashin duk ya zube. Ki kira ni da zarar kun sauka.

Gwaggonki.