Amsar tambayar Kawu kan yadda bairos ke shiga jiki

Assalamu alaikum, jama'ar gida. Kawu, barka da yamma, na ji saƙonka, aiki ne ya riƙe ni. Kun ce wai me ya sa ƙwayar ciwon hanta ba ta tarewa ko'ina sai hanta, ta ƙanjamau kuma garkuwar jiki take ci, ko ido gare su?

To, ba su da ido. Shi bairos ɗan ƙunshin bayanan gado ne a cikin kwanson furotin, wani kuma da mayafin kitse a waje. Shi kaɗai ba ya iya hayayyafa, dole sai ya shiga cikin ƙwayar halittar wani abu mai rai, kamar mutum ko dabba.

Shigar ce fa ba a yin ta da ka. A jikinsa akwai wasu 'yan ƙayoyi, a bayan ƙwayoyin halittarmu kuma akwai furotin iri-iri, kowanne da aikinsa. Kamar makulli da kwaɗo ne, in ba su dace ba, ko ya shekara a wurin ba zai buɗe ba. Ta ciwon hanta nau'in B, abin da take kamawa shi ake kira NTCP. Aikinsa na asali shigar da sinadaran matsarmama cikin hanta, to a hantar yake, shi ya sa can take sauka. Ita HIV kuwa CD4 take nema, wanda ke jikin fararen ƙwayoyin jini masu tsaron jiki, kuma shi kaɗai bai ishe ta ba, sai ta haɗa da na biyu, galibi CCR5. Abin mamaki, akwai mutane ƙalilan, yawanci 'yan asalin arewacin Turai, da aka haifa ba su da CCR5 mai aiki, kuma akasarin nau'o'in HIV ba sa iya shigarsu. Korona kuma ACE2 ne nata, akwai shi a hanci da huhu.

Da bairos ya maƙale, ko dai mayafinsa ya haɗe da fatar ƙwayar halittar, ko ita da kanta ta haɗiye shi. Yana shiga sai ya zazzage bayanansa, ita kuma ta bar aikinta ta koma ƙera irinsa, su fito su kama na kusa.

Anti, ke da kike saye wa yara Ampiclox duk sanda mura ta kama su, don Allah a bari. Wannan maganin bakteriya ne, bangon jikinta yake rusawa, shi kuwa bairos ba shi da wannan bangon. Rigakafi ne ke sa jiki ya tanadi abin da zai rufe ƙayoyin nan tun kafin su kama, shi ya sa ake so a yi wa jariri allurar ciwon hanta cikin awa 24 da haihuwa.

An kira salla, Kawu. In akwai saura ku turo, zan duba bayan isha'i.